Tsakanin Mama da Dogo a Ƙofar Ɗakin Tiyata

"Wa ya aike ka?"

Auta ce ta tare Dogo da tambayar a barandar asibiti, tun bai ajiye kwandon abincin da ya riƙo ba. Mai gyaran firji ne, an riga an yi musu baiko, ga shi ma da baƙin mai a gefen riga don daga shago ya taho.

"Haba masoyiyata, ko gaisuwa..."

"Ba na son gaisuwar. Wa ya ce ka kai maganar Baba ƙungiyar kafintoci?"

Ya sosa ƙeya. "Abokan sana'arsa ne fa. Rabinsu ma shi ya koya musu riƙe zarto."

"To maƙwabciyarmu ta ji, ta zo ta yi wa Mama jaje har da cewa ashe abin ya kai mu ga roƙo. Yanzu Mama ta ce kada ka ƙara tako nan."

Auta ji take kamar ta fasa ihu. Baba na kwance a ɗakin masu tsananin jinya, zuciyarsa ta ƙi, likita ya ce in ba a yi aiki cikin makon nan ba sai dai addu'a. Abin da ke hannunsu ya tafi a magani da gwaje-gwaje. Yayanta da ke wani gari kullum sai ya kira, amma ban da shawara babu abin da yake turowa.

"Akwai kuma wata magana," in ji Dogo a hankali.

"Me kuma ka yi?"

"Na je ofishin tallafa wa marasa lafiya, can ƙasan bene. Ma'aikaciyar wurin ta ce suna ɗaukar wani kaso na kuɗin aikin, amma sai matar mara lafiyan ta je da kanta."

Auta ta dafe kai. "Wato ka gama komai, ni ka bar mini Mama. Sannu da ƙoƙari."

Ta sami Mama a kan benci, ta ƙura wa ƙofar ɗakin ido. Tun da Baba ya kwanta ba ta yarda ta je gida ta huta ba.

"Na hango shi," in ji Mama. "Ki ce ya koma da kwandonsa."

"Mama, don Allah..."

"Mahaifinku bai taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Ba zan bari a yi masa haka yana kwance bai san inda kansa yake ba. Zan sayar da keken ɗinkina."

"Keken da ko kuɗin gado ba zai biya ba?"

"Ni kike gaya wa haka?"

A nan haƙurin Auta ya ƙare. Ta juya ta yafito Dogo. Ya taho yana ɗari-ɗari, ya durƙusa nesa kaɗan.

"Na gaji," ta ce. "Na zama 'yar aike tsakaninku. Kai ka yi gaban kanka ba ka tambayi kowa ba. Ke kuma Mama kin ƙi komai, kin ƙi ki faɗi ainihin dalili. Ga shi ga ki. Ni dai Babana nake so ya tashi."

Wata nas da ke wucewa ta harare su, Auta ta rage murya, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Mama ta murza bakin mayafinta. Da ta buɗe baki, ba 'yarta ta kalla ba.

"Yaro, aure doguwar tafiya ce. Yau kuna son juna. Wata rana za ku saɓa, ranka ya ɓaci, ka ce mata da ba don kai ba da ubanta ya mutu. Na ga matan da aka yi wa wannan gorin, har tsufa ba su ƙara ɗaga kai a gidajensu ba. Ba na so 'yata ta shiga gidanka kanta a sunkuye."

Auta ta dubi Mama. Ashe duk wannan taurin kan saboda ita ne.

Dogo ya ƙara sunkuyar da kai. "Mama, na yi laifi da ban nemi izininki ba, ki yafe mini. Amma ni babu abin da zan yi gori da shi. Kafintocin nan ba don ni suka tara kuɗin ba, don Baba ne, kuma kai tsaye za su biya asibiti, ba zai bi ta hannuna ba. In ganina ne ba kya so, zan daina zuwa. A dai yi masa aikin."

"Ka daina zuwa wa zai riƙa hawa benen nan yana karɓo magani?" in ji Mama da faɗa. Ta share ido, ta miƙe tana gyara mayafi. "Ina ofishin yake?"

Ba a sha da sauƙi ba. An yi ta tura su daga wannan tebur zuwa wancan, Mama na mita, Auta na cije leɓe, Dogo na bin su a baya da jaka. Amma kafin mako ya fita aka sa ranar aiki.

Da safen da aka gunguro Baba zuwa ɗakin tiyata, nas ta ce mutum ɗaya kawai zai raka shi har ƙofar ciki. Mama ta yunƙura, gajiya ta rinjaye ta, ta koma ta zauna. Auta ta riƙe ta. Sai Mama ta dubi Dogo.

"Je ka da shi."

Nas ta tare shi. "Kai wane ne nasa?"

"Ɗansa ne," in ji Mama.

Sai bayan azahar likita ya fito ya ce aiki ya yi kyau. Auta ta zube a kan benci tana kuka tana hamdala.

"Duba ta," Mama ta ce wa Dogo. "Tun jiya ba ta sa komai a ciki ba."

"Na yi mata magana, Mama, ba ta jin magana."

"Ai haka take tun tana ƙarama. Sai ka yi haƙuri da ita."

Auta ta ɗago jajayen idanunta ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Au, yanzu kuma ni kuka haɗe wa kai?"

Dogo ya yi murmushi, ya miƙa mata kofin shayi. "Sha, zuciyata. Umarnin Mama ne."