Wutsiyar Lissafi a Gonar Gbalahi

Da safe Mma Abibata ta tarar an tuge duwatsun iyakar gonarta a Gbalahi, ga katafila a tsaye dab da kabarin mijinta. Direban ya ce bayan Azahar zai fara rusau, don kwamfutar ofishin awo ta nuna wurin na wani ne.

Sufeto Hasanatu, 'yar sandar da aka turo bincike, ba ta yarda da ofishin da kowa ke murmushi ba. Mutum uku ne a wannan ofishin awon, kalmar sirrinsu ta shiga kwamfuta ɗaya, wai ɓoye wa ɗan'uwa abu rashin kunya ne.

"Ni ko kunna kwamfutar ban iya ba, Madam," in ji Alhaji Tijani mai ofishin. Ta sa ya gwada. Da gaske ne, abin tausayi.

Basiratu mai shigar da bayanai ba ta da na'ura sai tsohuwar kwamfutar ofis. Na ukun, Kamaldeen mai gyaran na'urori, ɗan Mma Abibata ne.

"Kabarin babana ne fa," ya ce a hankali.

Hasanatu ta buɗe rumbun bayanan, ta fito da faɗin kowane fili har lambar ƙarshe bayan ɗigo. Ta sake lissafa su a tsohuwar kwamfutar. Duk sun yi daidai, ban da na Abibata, wanda wutsiyar lambarsa ta bambanta.

"Kawo laftof ɗinka, Kamal."

A nan lissafin filin Abibata ya fito cif da abin da ke rumbun.

"Manhajar ba ita ke lissafin gutsattsarin lamba ba," ta ce. "Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, take miƙa wa. Ta tsohuwar tana riƙe ƙarin lambobi kafin ta datse, ta sabuwa tana datsewa da wuri. Sabuwar na'ura ce ta canza iyakar, kuma taka kaɗai ke da kwafin rumbun."

Kamal ya sunkuyar da kai. "Waɗanda suka biya ni sun ce za su kauce ma kabarin."

Ta buga waya aka dakatar da katafilar, sannan ta fito da shi. Mma Abibata na zaune a benci. Ta miƙe da murna.

"Kamal, ka taimaki Madam an kama ɓarawon?"

Hannayensa na baya, cikin ankwa.