Geron Balbela

Shanu goma sha ɗaya ne kwance a bakin tafkin Dabawa, cikkunansu a kumbure, ƙuda ya rufe idanunsu. Warin ya tarbi Sufeto Kyauta na ofishin 'yan sandan Dutsin-Ma tun kafin ya kashe babur. Bayan tafkin akwai shingen waya na ƙaramin filin jirgin saman da gwamnati ta gina ta ba wani kamfani riƙo.

Mai shanun, Ardo Jibril, bai amsa gaisuwa ba.

"Mamuda ne. Bara sun shiga gonarshi, ya ce sai ya ga bayansu. Yarana na riƙe su zuwa la'asar, Sufeto. Bayan la'asar ba ni da iko da su."

Kyauta ya tsuguna. Gero ne a watse gefen ruwa, ya rine da wani shuɗin magani. Kurciyoyi da zabin gari sun mutu birjik. Balbelu kuwa suna ta yawonsu a kan mushen, lafiyarsu ƙalau.

Ya sa aka kai Mamuda ofis, don tsare ransa ya fi don tuhuma.

"Ka ce za ka ga bayansu?"

"Na hwaɗi, ranka ya daɗe. Baki ne. Amma wanda ke son kashe saniya kanwa zai jiƙa da guba ya aje mata. Wa ke watsa ma saniya gero kamar kaza?"

Maganar ta zauna. Tsuntsu aka nufa, shanu tsautsayi ya faɗa wa. A duk yankin kuwa wuri ɗaya ne ke gaba da tsuntsu.

A ƙofar filin jirgin an kafa allo mai hoton itace, an rubuta cewa muhalli amana ne. Kyauta ya karanta, ya tofar da yawu, don har nan warin yake kaiwa. Ya sami Audi, dattijon da ke yankan ciyawa da korar tsuntsaye a hanyar jirgi.

"Watan jiya balbela ta shige injin wani jirgi," in ji Audi. "Manya suka yi ta hwaɗa daga sama. Na ce masu, shanu take bi, a haƙa ma makiyaya wani mashayi can nesa, kamar yadda aka yi alkawari tun ran da aka amshi gonakin mutane. Aka ce in tsaya ga laujena."

"Sai ka zuba mata gero."

Audi ya dube shi kamar an zage shi. "Ni? Balbela hwara take ci da kaska. Jikana ma ya san wannan."

"Wa ya fita da motar ofis kwanan nan?"

"Ran kasuwar Kurfi dai ta hita. Ban ga mai tuƙi ba."

A Kurfi bai sha wahala ba. A rumfar hatsi ta uku, Hajiya Turai ta fara dariya tun bai gama tambaya ba.

"Mai igiya a wuya da katin aiki? Ai har yau 'yan layinmu ba su gama da shi ba. Tiya biyar ya auna, yana tambayata wai wane hatsi balbela ta hi so. Na ce mashi, Alhaji, sai dai ka tambaye ta. Sunanshi na jikin katin, Ubaidullahi."

Ubaidullahi shi ne jami'in kula da muhalli da hulɗa da jama'a na filin, kuma shi ya sa aka kafa allon nan. Kyauta ya koma da azahar, aka ce yana taro da baƙi kan kare muhalli, kuma ba a shiga harabar ciki sai da izini daga sama. Awa biyu ya yi a kan benci yana jin tafi ta bayan ƙofa. Ya buga ofis a tura 'yan sanda Dabawa, aka ce motar 'yan sandan tana gareji.

Da mutumin ya fito, ƙamshin turarensa ya riga shi.

"Mun ji abin da ya faru, Sufeto. Rikicin manoma da makiyaya abin takaici ne."

"Me ka yi da gero tiya biyar?"

"Na gida ne."

"A gida kake kiwon balbela?"

Kyauta ya jera masa: an watsa geron yadda ake watsa wa tsuntsu, ba wanda tsuntsu ya dama sai filin jirgi, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san balbela ba ta cin hatsi. Mutum ɗaya ne ya tsaya tsakiyar kasuwa yana tambaya. Daga nan ya sa aka buɗe bayan motar ofishin filin, aka samu ragowar maganin a galan.

"Rayukan fasinjoji nake karewa," in ji Ubaidullahi. "Haƙa mashayi sai an yi wata shida ana takardu. Ni ban ma san shanu na sha a wurin ba."

Shekara uku yana ofishin, tagarsa tana kallon tafkin. Kyauta ya ji ƙyamarsa har ya ƙi taɓa shi, ya ce kofur ɗin da ke gadin filin ya sa masa ankwa.

Ya ɗauko Mamuda a babur don ya wanke shi a gaban jama'a. La'asar ta wuce. Tun daga kwanar Dabawa suka hango hayaƙi, rumbunan Mamuda biyu sun zama toka. Ardo Jibril yana tsaye a wurin, ya ji bayanin Sufeto har ƙarshe, sandarsa ta faɗi bai ɗauka ba.

Mamuda ya tona tokar da ƙafa, ya ɗebo dawar da ta ƙone, ya miƙa wa Kyauta.

"Ka kai ma mai ilimin nan, ranka ya daɗe. Ka ce mashi wannan mutane ke cinta."