Kirarin Kalla a Filin Buza

Tun daga nesa Zali ta gane shi. Mushuwar ɗin nan, ƙyallen da ta yi wa ado da jan zare, ta ba Ɗangana don share zufa, shi ne a hannun wata mace a tsakiyar kasuwar Madawa. An wanke shi, an goge, matar na miƙa wa Ɗangana shi da murmushi.

Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Wacece wagga?"

"Salome ta, mai aiki asibitin mishan," in ji Ɗangana. "Zalina, tsaya ki ji..."

Ina! Ta riga ta juya, zuciyarta na tafasa.

Ɗangana ɗan kokawa ne da gwiwa ta kayar tun yana ganiyarsa. Daga nan ya koma bin ƙauyuka, Deule, Galma, yana tsinto samarin da ba wanda ya sani, yana koya musu kamu da tsayuwa har su zama abin kallo. Ko zance ya zo, sai ya tsuguna yana jera tsakuwa a ƙasa: wannan Kalla ne, babban yaronsa, wancan abokin karawarsa, ga inda zai kama shi. Zali kuwa ta yi kwalliya ta zauna kallon duwatsu.

Mahaifinta ya ce ba zai ba mai kiwon ƙattin mutane 'yarsa ba. In kaka ta wuce, Alhassan dillalin albasa zai ba. Alhassan ɗin ne ya riƙa raɗa mata cewa Ɗangana ba ya rabuwa da asibiti, shi ne kuma ya ce ta leƙa kasuwa ran nan.

Washegari Salome ta zo har gida da goyonta. Ta bayyana cewa Kalla ne ya gurɗe a hannu, maigidansa Ɗangana ya ɗaure masa da mushuwar ɗin ya kai shi wurinsu, ita kuma ta wanke ta mayar.

Kuna tsammani Zali ta huce? Sai ma ta ƙara hawa.

"Kyautata kaɗ ɗaura ma hannun ƙato," ta ce da Ɗangana da yamma, hawaye na zuba. "Kowa na da tsakuwa tai wurinka. Ni ina nike?"

Ya tafi yana ɗingishi, ita kuma ta shiga ɗaki ta ci kukanta.

Ranar kokawar garin Buza ta ce za ta ne kawai don ta ga an kayar da Kalla. Mahaifinta ma yana can gaba-gaba, don ƙin ɗan kokawa bai hana shi son kokawa ba.

Kalla ya kama zakaran garin Keita daidai inda tsakuwa ta nuna, ya ɗaga shi, ya shimfiɗe. Fili ya ruɗe. Sai ya ɗaga hannu don kirari, inda ɗan kokawa ke faɗin wanda ya raine shi.

"Sai ni Kalla, yaron Ɗangana! Ɗangana na Zali, ba shi da wata!"

Makaɗa suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Zali ta rufe fuska, kunya da daɗi suka haɗe mata. Ashe tun da Ɗangana ya bar gidansu yake koya wa yaron wannan kirari, kamar yadda yake koya masa kamu.

Mahaifinta ya girgiza kai, ya ce Buza duka ta ji, Alhassan sai ya yi haƙuri.

Ɗangana ya ratso taro, ya buɗe mushuwar ɗin a gabanta. Wata farar tsakuwa ce a ciki, ta yi santsi don shafa.

"Duwatsun da nika jerawa ƙasa, kayar da su akai, masoyiya. Taki ba ta taɓa barin aljihuna ba."

Zali ta karɓa, ta shinshina ƙyallen. Har yanzu sabulun asibiti yake ƙamshi.

"Na ji," ta ce. "Amma daga yau ni ka wankinai."