Ɗan Tattabarar da Ya Rage

Akwai wani yaro ɗan aji shida mai saurin fushi. Ko kallonsa ka yi, sai ya ce ka raina shi. Har 'yan ajinsu suka sa masa suna Ashana.

Abu ɗaya yake ji da shi, tattabarunsa. Suna cikin akurki a bayan ɗakin girki. Kullum da yamma yakan zuba musu hatsi, ya ja ƙofa, ya sa sakata saboda kyanwar maƙwabta.

Wata rana wani ya taka masa littafi a aji. Ya tashi ya kai masa naushi. Malam ya kore shi waje.

Yana huci a bayan katanga, sai ga Dogo, wani saurayi da ya daina zuwa makaranta.

"Ashana, yau ma ka kama? Zo in ba ka maganin zuciya."

"Mene ne wannan?"

"Wiwi. Ja biyu ka manta da Malam da allonsa."

Ya karɓa ya ja. Ya yi tari, kansa ya yi nauyi, zuciyarsa ta lafa. Daga ranar, ko yaya aka taɓa shi sai ya nufi bayan katanga. Amma fushin bai je ko'ina ba. Da hayaƙin ya sake shi, sai ya taso ya fi na da.

Wata yamma suka yi faɗa da ƙanwarsa a kan bokiti. Ya fita ya sha, ya dawo yana layi. Ya watsa wa tattabaru hatsi, ya bar ƙofa a buɗe.

Da safe gashin tattabaru ya gani ko'ina a tsakar gida. Kyanwa ta yi ɓarna, sauran sun gudu. Ɗa ɗaya ya rage a kusurwa, ko gashin kirki bai yi ba.

Baba ya zo ya tsaya a kansa. Ya ja rigarsa ya sansana.

"Warin me nake ji?"

Yaron ya fashe da kuka, ya faɗi komai. "Baba, zuciyata ce ke tafasa. In ban sha ba, ba ta sauka."

"Wa ya gaya maka ba ta sauka? Ka taɓa jira ka gani?"

Yaron ya girgiza kai.

"Yau zan kai ka wurin likita. Wannan ɗan tattabarar kuwa, ba mai ciyar maka da shi. In ka koma shan hayaƙi, ka manta da shi, ya mutu."

Mama ta nuna masa yadda zai jiƙa hatsi, ya buɗe bakin tsuntsun a hankali. "Da lallami," in ji ta. "In ka matse shi, shi ke nan."

Kwanakin farko sun yi masa wuya. Abinci ba daɗi, kai na ciwo, komai haushi yake ba shi. Likita ya riga ya faɗa masa haka za a yi, kuma zai wuce. Ya cije.

Ran nan yana ciyar da tsuntsun, ƙanwarsa ta leƙo. "Mama, zo ki gani! Yaya ya zama uwar tattabara!"

Fushi ya taso masa har wuya. Ga tsuntsu a tafinsa, ba damar dunƙule hannu. Ya ja numfashi, ya sake ja. Ya jira. Can sai ya ji zafin yana sauka.

"Mama," ya ce da mamaki, "ashe da kansa yake sauka!"

"Da kansa mana. Ba ka taɓa ba shi lokaci ba ne."

Ya je ya gaya wa Malam gaskiya. Malam ya ce, "In ka ji ya taso, ɗaga hannu ka fita ka sha ruwa. Ba zan hana ka ba."

Dogo ya tare shi a hanya. "Ashana, kwana biyu! Ga naka na ajiye."

"Riƙe abinka. Ana jirana a gida."

"Matsoraci!"

Kalmar ta soke shi sosai. Bai juya ba.

Ɗan tattabarar ya yi gashi, ya yi ƙiba. Wata safiya ya kaɗa fukafukai, ya tashi ya sauka a kan rufi. Yaron da ƙanwarsa suka yi ta tsalle, Baba ya dafa kan yaron.

Yara, ku ji da kyau. Wiwi ba ya maganin fushi, ƙara shi yake yi, ya kuma jawo asara. In ranku ya ɓaci, ku jira ya sauka, ku gaya wa babba.