Kunya Arba'in da Ɗaya

Ranar da aka sallamo Muntaka daga asibiti, tsakar gidansu a ƙauyen Tsamiyar Kwari ta cika da 'yan dubiya, har da waɗanda ba su san me aka yanka ba. Shi kuwa gogan yana kishingiɗe a gindin darbejiya, ya ɗage riga yana nuna wa kowa bandejin gefen mararsa kamar wanda aka ba lambar yabo.

"Likitoci uku suka taru a kaina," in ji shi. "Wuƙar farko lanƙwashewa ta yi, sai da aka aika Kano aka kawo wata."

"Aikin ƙaba fa aka yi maka, ba yaƙi ka je ba," wani ya ce, aka kwashe da dariya.

Barira tana raɓe a bayan gwaggonta da kwanon kunun gyaɗa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska don kada a ga tana murmushi. An sa musu rana, biki sai bayan kaka. Duk garin an san Muntaka da kuri da tsokana, shi ne ya taɓa ɗaura wa jakin mai unguwa rawani ya kora shi kasuwa, amma ita wannan bakin nasa ne ya sace mata zuciya.

Da mutane suka ragu, gwaggo ta shiga ɗaki gaisuwa, sai Muntaka ya miƙo wa Barira wata 'yar ambulan.

"Malama, karanta mana. Ni tun aji biyu boko ya sallame ni, ni ma na sallame shi."

Ƙwayoyi goma ne a ciki. A bayan ambulan ɗin nas ta yi rubutu da Hausa ɓaro-ɓaro: tiramadol, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kwana biyar kacal. Abin da ya rage a mayar asibiti, kada a ajiye, kada a ba kowa. Ba aikin ƙarfi sai bayan mako shida.

Ta karanta masa ƙasa-ƙasa. Tana rufe baki sai ga mahaifiyarsa, Inna Aina'u, ta fito. Muntaka ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa.

"Yaron nan, me takardar ta ce?"

"Cewa aka yi maganin ƙarfi ne, Inna. Duk sanda jiki ya yi ciwo a sha." Ya kashe wa Barira ido.

Barira ta durƙusa, kanta a ƙasa. Gyaran maganar yana kan harshenta, amma wace yarinya ce za ta ɗaga murya a gaban uwar mijin da za ta aura, ta ƙaryata shi tun ba a ɗaura ba? Ta yi shiru. Inna ta karɓi ambulan ɗin ta ƙulle a bakin zanenta.

Ƙwaya shida ya sha, ciwo ya lafa. Huɗun da suka rage Inna ta jefa su cikin ƙwaryar da take ajiyar daddawa, don a wurinta magani ba abin mayarwa ba ne.

Mako uku da yin aikin, ruwa ya zauna, gero ya isa huɗa. A garinsu kuwa saurayin da aka sa wa rana shi ke tara abokai su yi wa surukinsa gayya, a yini ɗaya a tashi gonar. Mahaifin Barira, Malam Hashimu, ya aika cewa a bari sai baɗi, mai ɗinki a ciki ba ya riƙe garma. Da ma bai aika ba. Kafin la'asar samari sun sa Muntaka a gaba a dandali, wai angon da aka yafe wa gayya sai a ɗaura masa zane.

"Ni?" in ji shi. "Ku gaya wa mai ganga ya ɗaure fatarsa da kyau."

Da safen ranar gayyar aka aiki Barira gidan su Muntaka aron babbar tukunya. Ta yi sallama ta shiga, ta tarar da shi tsaye ya dafe bango, gumi na tsattsafo masa tun bai taɓa ƙasa ba. Inna ta fito da ƙwaryar daddawa.

"Ungo biyu, yaron nan. Kada ka ba mu kunya a gonar surukai."

Barira ta ga ƙwayoyin a tafin hannunsa. Ta ga ya watsa su baki ya kora da koko. Ta buɗe baki, sai Inna ta juyo ta ce, "'Yata, tukunyar tana bayan rumbu." Ta ce, "To, Inna." Ta ɗauki tukunya ta fita.

Ranar an ga aiki. Mai ganga ya bi bayan Muntaka yana zuga shi, shi kuwa yana keta ƙasa kamar an sa masa inji. Kafin azahar ya haɗiye sauran biyun. Da rana ta yi sanyi aka ƙirga, shi kaɗai ya ja kunya arba'in, daga wannan iyakar gona zuwa waccan. Aka ɗaga shi sama, aka laƙaba masa suna Kunya-Arba'in. Malam Hashimu da kansa ya ce, "Wannan yaro namiji ne."

Washegari ya kasa tashi. Wurin ɗinkin ya kumbura, kuma komawa asibiti na nufin ya faɗa wa nas abin da ya yi. Sai ya aika garin Ɗanbatta ranar kasuwa da tsohuwar ambulan, aka samo masa irinsu a wurin wani mai tallan magani a faranti, masu ƙarfin da ya ninka na asibiti.

Ciwon ya warke, ƙwayar ta zauna. Duk mai gayya a ƙauyukan nan sai ya aiko a kira Kunya-Arba'in, shi kuma ba ya son sunan ya faɗi. Biyu suka koma huɗu, huɗu suka koma shida. Ranar da babu, sai hamma da majina da gudawa, ƙasusuwansa kamar ana sara, ya yi ta masifa da kaji.

Zance ma ya canza. Yakan zo da la'asar ya zauna a dakalin ƙofar gidan su Barira, ya fara labari ya gyangyaɗa a tsakiya.

"Sarkin kuri, ina ƙarshen labarin?"

"Wane?"

"Na kurar da ka ce ka kama da hannu ɗaya."

Ya dube ta da jajayen idanu, ya sosa wuya. "Na manta."

Ta fashe da kuka. "Ka bar abin nan, don Allah. Takardar cewa ta yi kwana biyar, yau wata huɗu."

"Ni fa ba ɗan ƙwaya ba ne, Barira. Likita ne ya rubuta. Gobe in na ga dama na daina."

Goben ta zo sau da yawa.

Saura mako uku biki, an yanke gero ana ɗaurin dami, ya zo gaida Malam Hashimu a zaure bayan sallar Juma'a. Ya durƙusa, ya ce, "Baba, barka da—" sai ya kife. Jikinsa ya sandare ya kama jijjiga, kumfa na fita ta gefen baki. Da aka ciccibe shi, fakitin ƙwaya uku suka zubo daga aljihunsa a gaban dattawan unguwa.

Kwana biyu bayan haka Malam Hashimu ya sa aka fito da akwatin sa rana aka ajiye a tsakar gida. Inna Aina'u ta zo da kawun Muntaka ba da haƙuri, ta zauna nesa da tabarmar maza tana sharar hawaye.

"Malam, sammu aka yi masa. Tun ranar gayyar nan baki ya kama shi. Mun kulle shi a ɗaki, an sa kwaɗo, ana yi masa hayaƙi. Kwana bakwai zai dawo daidai."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Malam Hashimu. "Amma ban haifi 'yar da zan ba ɗan ƙwaya ba. Ku ɗauki kayanku."

Barira tana bayan labulen ɗakin mahaifiyarta. Ta tuna da ambulan, ta tuna da ƙwaryar daddawa. Sai kawai aka ga ta fito, ba ko mayafi, ta durƙusa a tsakiya.

"Baba, ba sammu ba ne. Inna, ki gafarce ni, ba baki ba ne. Ni na karanta takardar. Kwana biyar aka ce, sauran a mayar, kuma kada ya taɓa garma sai mako shida. Ya faɗa miki ba daidai ba ina ji, na yi shiru. Kin ba shi biyu ranar gayya ina gani, na ɗauki tukunya na fita. Kuma a gonarmu ya shanye sauran."

"Ke, a gaban surukai?" mahaifiyarta ta ce daga ɗaki.

"Kunyar ce ta kawo mu nan, Umma. A buɗe masa ƙofa a kai shi asibiti. Na je na tambayi nas ɗin, ta ce wanda jikinsa ya saba ba a yanke masa lokaci guda, likita ne ke rage masa sannu-sannu."

Inna Aina'u ta dubi tafin hannunta, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Da hannun nan na ba shi." Malam Hashimu ya tashi ya nemo mota da kansa. Akwati dai ya koma gidan su Muntaka.

Wata biyu Muntaka ya yi a asibiti a Kano. Ya dawo, damina ta faɗi, aka buga gangar gayya a ƙauyen gaba, ya koma ruwa. Aka sake kai shi. Ya sake dawowa, ya sake faɗawa. Ƙabar ma ta dawo aka sake tiyata, wannan karon Inna ta hana kowa riƙe maganin, kawunsa ke miƙa masa ɗaya-ɗaya, rana ta biyar ya hau babur ya mayar da ragowar.

Ƙawayen Barira duk suka tare, wasu har da goyo. Masu nema biyu suka zo, Malam Hashimu ya tambaye ta, ta ce a ƙara mata lokaci. Bai tilasta mata ba, bai kuma ba ta wani fata ba. Ta rame, a gidan biki mata suna nuna ta da baki.

A kaka ta uku, da hantsi, wani siririn mutum ya yi sallama a zaure. Sai da Malam Hashimu ya ƙura ido ya gane shi. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, kwana ɗari da goma sha ɗaya ke nan ban sha ba. Likita ya ce kada in yi alkawarin na warke, abin yana iya dawowa. Garma kuma an hana ni har abada. Ban zo da komai ba sai wannan."

"Ina Kunya-Arba'in ɗin?"

"Ya mutu, Baba. Ko kunya ɗaya ba zan iya ja ba."

Dattijon ya daɗe yana jan carbi. "Ni na yaba maka ranar, da bakina. Ban ce na ba ka ba. Ka dawo kaka mai zuwa da ƙirgenka bai yanke ba, sai mu yi magana."

Barira ta ji komai daga bayan katanga. Abin da haƙurin shekara uku ya samo mata ke nan, an fasa cewa a'a. Da ya fito ta leƙo ta ce, "Sarkin kuri, har yanzu ina bin ka ƙarshen labarin kura."

Ya yi ɗan murmushi. "Babu wata kura, Barira. Ƙarya nake."

Ta koma ciki tana dariya, hawaye na zuba.

Mutanen Tsamiyar Kwari har yau kunya arba'in suke ƙirgawa. Barira ta san arba'in da ɗaya ne, kuma ta ƙarshen, kunyar surukai da ta rufe mata baki, ta fi sauran ɓarna. Maganin ciwo mai ƙarfi yana da adadi, yana da ranar tsayawa, ragowarsa ba ta zaman ƙwarya. Wanda ya karanta takarda kuwa ya faɗi abin da ta ce, ko a gaban wa.