Wayar Farko

Da hantsi furodusa ya faɗo ofishin 'yan sanda, gumi ya jiƙe masa riga. Fim ɗin da ya shekara biyu yana haɗawa, saura kwana huɗu a haska shi, ga shi a wayar kowa. Har mai facin da ya gyara masa taya ɗazu, in ji shi, fim ɗin yake kallo.

Sufeto mutum ne da kujera ba ta riƙe shi. Ya zari hularsa suka nufi kamfanin.

Ya fara da injiniyar da ta ƙera musu manhajar raba finafinai. Ta ce ba daga rumbu ɗaya ake sauke fim ba, kowace waya guntu-guntu take karɓa daga sauran wayoyi, tana kuma miƙa wa wasu.

"To wa zan kama? Gari gaba ɗaya?"

"Ranka ya daɗe, kowa guntaye ya tara. Waya ɗaya ce ta shigo da shi cikakke."

Sufeto na ta kai-komo a bayanta har ta gano lokacin da aka ɗora shi: shekaranjiya ƙarfe biyu na rana, ta intanet ɗin ɗakin tacewa.

Edita, mai riƙe da makullin ɗakin, ya rantse yana asibiti wajen matarsa a lokacin. Sufeto ya buga waya, aka ce tun safiyar ranar aka sallame ta. Nan edita ya sunkuyar da kai, ya ce neman aiki ya je wani kamfani, a garin sauri ya bar makulli a jikin ƙofa.

A tsaye Sufeto ya kalli kwafi biyun, na kamfani da wanda ya fita. Na wajen ya fi tsawo da minti bakwai, inda wani dattijo ke yi wa ɗansa bankwana a tasha. Furodusa ya ce shi ya sa aka yanke wurin, ya yi tsawo. Wanda ya fito a dattijon kuwa kawun furodusan ne.

Suka tarar da Kawu a barandar gidansa yana gyara ƙafar tabarau. Ya ce shi ban da amsa kira bai iya komai da waya ba. Sufeto ya ɗauki wayar daga inda take caji, ya kusa sakinta don zafi. A fuskarta manhajar na nuna wayoyi ɗari uku suna jan fim daga cikinta.

Kawu ya ajiye tabarau.

"Shekara talatin ina fitowa a maigadi ko direba. Sau ɗaya aka ba ni magana mai nauyi, na yi ta har masu kyamara suka yi hawaye. Yaron nan ya sa aka yanke. Da na ga makulli a ƙofar ɗakin tacewa, sai na shiga na saki cikakken fim ɗin."

Sufeto ya taɓa ankwa a ƙugunsa, ya fasa, ya buɗe wa Kawu ƙofar mota. Furodusa ya matso.

"Kawu, ai da ka faɗa mini."

"Sau uku na faɗa maka," in ji Kawu, ya tattare rigarsa ya shiga.