Sunan da Jan Layi Bai Bari Ba

Ku matso, ku rage murya. Uwale, rufe ƙofar nan tukuna.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A kasuwar Malumfashi aka yi, a wani shagon buga takardu da ke gindin tsohuwar tsamiya. Mai aikin shagon sunanta Barira. Hannunta da sauri, kuma ba ta son ganin kuskure a takarda.

Kun san halin kwamfuta. In ka rubuta kalmar da ba ta sani ba, sai ta ja mata jan layi a ƙasa. Sunayenmu kuwa duk baƙi ne a wurinta. To Barira in ta ga jan ya fito a sunan da ta tabbatar daidai yake, sai ta danna, ta saka shi a ƙamus ɗin kwamfutar, jan ya ɓace.

Ran wata Juma'a da tsakar rana, maza duk sun tafi masallaci. Kasuwa tsit. An ɗauke wuta, janareto a kashe. Barira tana zaune ita kaɗai tana fifita da kwali.

Sai allon kwamfuta ya kawo haske.

Ta ɗaga kai. Ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, lulluɓe da farin zane.

"Sannu da aiki, 'yata."

Tsohuwar tana gabanta, amma muryar ta bayan kunnenta ta fito.

"Sannu, Iya. Ai babu wuta."

"Ga shi ta kama. Biki za mu yi. Rubuta mini sunayen waɗanda aka gayyata."

Tsohuwar ta tako ciki. Ƙas. Ƙas. Kamar jaki a kan siminti. Barira ba ta yarda ta kalli ƙasa ba.

Ta fara faɗa, Barira tana bugawa. Tanko mai dawa. Hajjo ungozoma. Ɗanlami direba. Suna goma, suna ashirin, ko ɗaya babu jan layi. Alhali ba ta taɓa saka su a ƙamus ba.

Sai ta tuna. Hajjo ungozoma ai bara aka binne ta. Ɗanlami, motarsa ce ta faɗa rafi. Duk wanda ke takardar nan ya riga mu gidan gaskiya.

"Saura ɗaya," in ji tsohuwar.

Ta faɗi sunan 'yar Barira ta fari, mai shekara huɗu, wadda aka bari a gida wurin kakarta. Kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Don kunya, Barira ba ta taɓa faɗar sunan nan ba, balle ta buga shi. Amma ranar yatsunta da kansu suka rubuta.

Jan layi ya fito. Yana rawa kamar tsutsa.

Tsohuwar ta sunkuyo. Jikinta na ƙamshin ƙasar da aka haƙo.

"Ni ban iya bokonku ba. Amma na san ja. Wannan jini ne, bai bushe ba. Saka ta a littafin, ta zama kamar sauran."

"Iya, yarinya ce."

"Hannun uwa ake so. Danna."

Barira ta goge sunan. Ya dawo. Ta miƙa ƙafa a hankali don ta cire wayar wuta. Wayar tana yashe a ƙasa, dama ba a jone take ba.

"Kada ki wahalar da ni, 'yata. Kafin liman ya sallame nake so."

Sagir, daina matse mini hannu. Saurara.

Barira ta kama linzamin kwamfutar, ta danna a kan sunan. Ɗan akwati ya buɗe. A ƙasa ga wurin sakawa a ƙamus. A sama kuma ga kalmomi biyu da kwamfutar ta kawo, wai ko ɗayansu ake nufi. Ta farko sunan Barira ne da kanta, don sunayen sun yi kama. Ta biyu wata kalmar Turanci ce da ba ta ma san ma'anarta ba.

Linzamin yana ja ƙasa da kansa, kamar akwai wani hannu a kan nata. Ta ciji leɓe. Ta yi bisimilla a zuci. Ta tura shi sama da duk ƙarfinta, ya wuce, ya tsaya kan sunanta. Ta ja shi baya kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero. Ta danna kalmar Turancin.

Sunan ya canza. Jan ya ɓace.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon allon.

"Ya bushe," ta ce.

Firinta ta yi ƙara, babu wuta, ta tofo takarda. Tsohuwar ta naɗe ta, ta juya. A bakin ƙofa ta tsaya.

"In muka kira ba ta amsa ba, zan dawo in ji daga bakinki."

Ƙas. Ƙas. Sai lasifikar masallaci ta yi sallama.

Barira ko takalmi ba ta saka ba, ta ruga gida. Ta iske yarinyar tana barci, jikinta zafi rau, amma tana numfashi. A daren aka kai ta wurin dangi a wani gari, aka sa mata wani suna. Shagon kuma Barira ba ta ƙara buɗe shi ba. Yarinyar ta girma, har ta yi 'ya'ya, ita kanta ba ta san sunanta na yanka ba.

Shi ya sa nake gaya muku, kada ɗayanku ya zauna shago shi kaɗai ran Juma'a da tsakar rana. In an tafi masallaci, a kulle.

Me ka ce, Sagir? Sunan yarinyar?

Yi shiru. Har yanzu ana nemansa.